Ɗakin Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya, Graciete,
ga mu kuma a teburin kicin,
muna karɓa-karɓa da tabarau ɗaya,
naki ya ɓace tun Litinin.

Kin ce Lisbon, kwana biyu.
Na ce to.
Kika nuna otal mai fitilun lu'ulu'u,
an watsa furanni a kan gado.
Na leƙa kuɗin, tari ya sarƙe ni.
Na nuna mai araha a bayan tasha,
kika ce, "Amílcar, ba zaman makoki za mu ba."

Sai na tuno wancan na unguwar Alfama,
matakala hamsin da bakwai,
famfon tsakar gida yana ɗiga dare farai,
ƙamshin gasasshen kifi yana shigowa ta taga,
daren da na ce sai na kai ki sama a hannu,
muka zube a bakin ƙofa, dariya ta hana mu tashi.

Yana nan. Sun sake fenti, sun ninka farashi.
Matakalar ma tana nan.
Kika dubi gwiwata, na dubi taki.

Na buga musu waya.
Yarinyar ta ce ɗakin ƙasa kaɗai ya rage,
tagarsa ba ta hango kogin Tejo,
sai bango, da igiyar shanyar maƙwabta.

Kika karɓe wayar daga hannuna:
"Rubuta mana shi, 'yata.
Kogin mun gan shi tuntuni.
Ki dai faɗa mini,
famfon nan yana ɗiga har yanzu?"