Littafin Barira

Tsohon littafin bashin shagona ne,
na yar da shi ranar da na bar sayar da hatsi a Ƙofar Marusa.
Barira ta tsinto shi bayan buhuna,
ta karkaɗe, ta ce, "Wannan da sauran kwanansa."
Sunayen waɗanda suka ci mini kuɗi
ta bi su layi-layi ta rufe da ƙyallen atamfa.
Haka aka yafe wa Ɗan'iro jaka biyu ban sani ba.

Gam ɗinta ba na kanti ba ne.
In ta ɗora sanwar tuwo
sai ta ɗebi garin rogo cokali guda
ta dama a murfin gwangwani, gefen murhu.
Wuta ɗaya, aiki biyu:
abin da zai riƙe ciki, da abin da zai riƙe takarda.

Bayan la'asar, gindin darbejiya,
almakashi na ƙyas-ƙyas, tukunya na ɓararraka,
Nasiba na yanka kwalin sukari,
Bishir na lasar gam in an kau da ido.
Za a yi wa Gwaggo Lantana katin sannu da jiki,
tana kwance a asibiti kwana tara.
Suka zana mata kwanon fura, ludayi a tsaye,
tunda likita ya hana ta ta gaske.
Miyar kuɓewa ta kama a gindi ranar nan.
Muka ci da ƙauri. Babu wanda ya ce uffan sai ni.

Ran Laraba masu wuta suka zo da tsani.
Na birkice ɗaki ina neman rasit,
ƙarƙashin katifa, aljihun babbar riga, cikin fanteka.
Ashe ya zama fure mai kunne biyar
a goshin katin Gwaggo.
Na yi faɗa har kajin gidan suka watse.
Barira ta ci gaba da tuƙa tuwonta,
ta ce, "Malam, zafi nawa za mu sha a dare ɗaya?"

Daren nan babu wuta.
Na ɗauki tocila da nufin in ga abin da ke cinye mini takardu.

Shafin farko, gashin askin sunan Nasiba cikin 'yar leda.
Na biyu, haƙorin Bishir da ya ƙi jefawa kan soro.
Tikitin motar Daura, ranar da aka kai mu gaisuwa.
Ganyen zogale ya bushe, ya yi launin ƙasa,
ƙarƙashinsa dambun marigayiya Inna Hajjo
da rubutun yarinya 'yar aji uku:
"Tsaki, gwargwadon bakunan gida.
Man gyaɗa, kada a yi rowa.
Gishiri, hannu ya sani."
Tabon manja ya zauna a kusurwa kamar hatimi.

Can tsakiya na ci karo da maɓalli,
fari, baki a gutsure.
Na san shi.
Na rigar da na sa ne ranar da na fara cin girkinta,
na ce ya yi daɗi, alhali gishiri ya kashe shi.
Ta rubuta da hannunta a gefe:
"Ya yi ƙarya domina. Ya cinye tas."

Na daɗe zaune.
Sauro na ta kiɗansa, tocila na lumshewa.

Da asuba, kafin ta hura wuta,
na yanko gefen takardar yankan wutar da suka bar mini,
na ajiye bisa murfin gwangwanin.
Ta duba, ta dube ni, ba ta yi dariya ba.
Ta ce wa Nasiba, "Miƙo garin rogo,
ubanki ya kawo shafinsa."