Ɗan Aike Marar Ido

A bene na biyu, bayan Tashar Dukku,
inda janareta ke tari tun la'asar,
aikina in karanta abin da aka rubuta
a goshin kowane kayan aiki,
in ce wannan zai kai ɗan aike gida,
wannan zai yar da shi a kwararo.

Ɗan aiken namu ba shi da ido.
Bai taɓa taka Tudun Hatsi ba,
bai san ƙaiƙayin dawa a wuya ba.
Na'ura ce da aka ɗura wa magana har ta iya zance.
Kayan aiki ashirin da bakwai aka jera masa,
ko ɗaya ba ya shafawa da hannu,
kwatance yake karantawa, ya zaɓa.

Na farko da na buɗe yau na Lamela ne:
"Yana duba farashi."
Kalma uku, ya rufe kwamfuta ya tafi kallon ƙwallo.
Farashin me, Lamela? A wace kasuwa?
Na mudu, ko na buhu?
Na yau, ko na makon da ya wuce?

Shekaranjiya Goggo Dudu ta Kumo
ta tambayi wayarta kuɗin wake.
Ɗan aike ya ɗauko tsohon farashi
ya miƙa mata da ladabi.
Buhu huɗu ta sallama a kan kalma uku.
Ba ƙarya ya yi mata ba,
abin da muka ba shi ya kai.

Na Yerima kuwa shafi guda ne cur,
da gabatarwa, da yabon kai,
can ƙasa, inda ido ya gaji,
ya binne cewa wannan kayan yana cire kuɗi.
Na ba shi biyu cikin biyar.
Ya daina gaishe ni har Laraba.

Babana Manu gareji gare shi a Bolari.
Yana ƙarƙashin mota, hannunsa kaɗai ke fitowa:
"Miƙo min abin nan."
Ina shekara tara, akwatin ƙarafa a gabana,
in miƙa filaya, ta dawo da tsaki,
in miƙa guduma, ta dawo da ranƙwashi.
Ran da ya gaji da ranƙwashi ya ce,
"Sifana sha huɗu, mai baki buɗe,
ba mai zobe ba, ita ba ta shiga nan."
Ban sake kuskure ba.
Tun daga ran nan nake neman wannan a kwatance:
ya faɗi abin da yake,
ya kuma faɗi inda ba ya shiga.

Ga wasu tagwaye an sa musu riga ɗaya,
ɗaya dakatar da oda, ɗaya soke ta.
Wancan ana dawowa daga gare shi,
wannan kuwa ruwa ne ya zube a yashi,
amma duka biyun an rubuta: "Yana tsayar da oda."
Na ja musu jan layi har allon ya yi zafi.

Da magariba na yi masa jarrabawa.
Tambaya ashirin, irin ta 'yan kasuwa,
mai guntun baki, mai haɗe da Fulatanci.
Da tsohon kwatance ya ci sha ɗaya.
Na gyara, na rage, na ƙara ma'auni da rana,
ya ci sha tara.

Ta ashirin ni na rubuta ta da gangan:
"Nawa abin nan yake?"
Ya tsaya. Bai taɓa kayan ko ɗaya ba.
Ya ce, "Wane abin?"

Na daɗe ina kallon allon.
Janareta ya mutu, fanka ta lafa.
Ban sa masa kuskure ba.