Hannun Riga

A Gadarif, bayan kasuwar buhuna,
akwai rumfar kwano da muke matsar riɗi.
Kakan Hajji Babikir da raƙumi ya fara,
a rufe masa ido ya yini yana zaga turmi.
Jikan ya sayo inji mai bel,
baƙi, dogo, yana gudu tsirara,
ba ya gajiya, ba ya sallama.

Mu bakwai ne. Kaltuma na tankaɗe,
Ilu na ɗura mai a jarka,
ni da Mudi muna bakin inji,
mu ba shi ƙwaya, ya ba mu mai da tunkuza.

Ranar Talata, rana ta take,
Mudi ya miƙa hannu zai cire tsinke.
Jallabiyarsa mai faɗin hannu ce,
irin wadda iska ke so.
Bel ma ya so ta.
Ƙyat! Daga kafaɗa har wuyan hannu
yadi ya tafi, ya bar mana mutum.
Allah ya sa tsohuwar riga ce;
da sabuwa ce, da tare za su tafi.

Ba wanda ya ce uffan.
Inji kaɗai ke ta surutu,
yana kaɗa farin tsumma sama da ƙasa.

Da dare muka yanke shawara:
gobe mu da aikin nan hannun riga.
Ilu ya ce, "Mai kuɗi ba ya jin Hausa,
ba ya jin Larabci, sai lissafi."
Kaltuma ta ce, "Kun taɓa faɗa masa?
Shekara uku kuna tsallake bel kamar kwata,
gunaguninku bai wuce maƙoshi ba."

Da safe muka tare shi a ƙofa.
Na kwana ina wasa magana,
amma Mudi ya riga ni: ya shimfiɗa masa tsumman.
Tsohon ya daɗe yana kallo,
sannan ya zaro hannun hagu daga aljihu,
wanda muke zaton kuɗi yake gadi.
Yatsu uku.
"Ina ɗan sha shida," in ji shi.
"Na kira shi ƙaddara, na rufe zance.
Ashe ban rufe bel ba."

Aka kashe inji, aka kawo jabana mai citta.
Yinin nan ba ɗigon mai,
sai ciniki, irin na masu sayen sa.
Ya ce ragar ƙarfe a kansa take,
amma ba rawani, ba babbar riga a bakin inji.
Ilu ya tura baki, ya ce kamar yara.
Kaltuma ta nemi taga da ƙyallen hanci,
ta yi masa tari biyu shaida.
Mudi ya ce jan maɓalli a jikin bango,
kowa ya ga abin da bai gane ba ya danna,
ba sai ya nemi izini ba,
kuma kada a taɓa kuɗin yininsa.
Nan aka ja.
Har la'asar ana ja,
kofi ya huce, aka sake ɗorawa,
kafin ya miƙo hannun nan, muka kama.

Ba zan ce komai ya gyaru ba.
Har yau waya na ƙarƙashin inda kwano ke yoyo;
sau biyu na tuna masa, ya ce sai kaka,
gobe zan tuna masa na uku.
Shi ma jiya ya kama ni ba ƙyalle a hanci,
ya tsaya a kaina har na ɗaura.

Makon jiya na danna maɓalli saboda kyanwa.
Ya fito yana faɗa da Larabci,
ya leƙa, ya gan ta, ya koma.
Ranar biya kuɗina cif.

Tsumman yana saman ƙofa, ƙusa biyu.
Mai ya ɓata shi, ƙuda na sauka.
Baƙo in ya tambaya, Mudi kan ce,
"Hannuna ne," sai ya ɗaga na gasken
ya ci gaba da zuba riɗi.