Casa'in da Tara

Ni ne yaron da ke rataya lambobi
a allon kurket na Galle, gindin ganuwa,
inda gishirin teku ke cin fenti,
hankaki na sintiri kan shinkafar 'yan kallo.

Ranar nan Tissa na kan casa'in da tara.
Na riga na zaro ɗaya da sifiri biyu,
na rungume su kamar mai dakon ƙwai.

Osric, dogon Barbados, shi ke jifa.
Shekara bakwai baya
ƙwallonsa ta fige wa Tissa haƙorin gaba.
Tun daga nan, duk ƙarshen shekara
takardar kuɗin likita sai ta haye teku,
a ƙasanta an sa hannu: Naka, Mai Giɓi.

Ya goga ƙwallo a cinya, ya ce,
"Tsoho, yi sallama da maƙwabcin wancan."
Tissa ya gyara hula: "Taho a hankali,
tun daga nan nake jin kukan gwiwarka."

Ya taho, ƙasa na amsa sawunsa.
Jar ƙwallo ta wuce fiu,
ta faɗa safar mai tsaron baya.
Ba wanda ya ji ko ƙyas.
Alƙali ya girgiza kai, hannu a aljihu,
Osric ma bai nemi komai ba, ya juya.

Sai Tissa ya maƙale sanda a hammata
ya kama hanyar rumfa.

Fili ya yi tsit. Mai gyaɗa ya haɗiye tallansa.
Osric ya sha gabansa, gumi na ɗiga:
"Kanka ɗaya? Ko sauro bai ji ba!"
"Sandar ta ji," in ji Tissa,
"kuma ɗaki ɗaya muke kwana."

Ni kuwa can sama,
lambobi uku a ƙirji, ba ƙusar da ke jiransu.
Na zage shi a zuci, ban ɓoye ba,
rufi hamsin na ci a kansa.

Da yamma aka aike ni da shayi.
Na same su, ƙafa huɗu a bokitin ƙanƙara ɗaya,
Osric na rubutu a jikin ƙwallon:
Ana bina gudu ɗaya.
Tissa ya karanta, giɓin ya bayyana:
"Ƙara da haƙori. Ban yafe ba."
Dariyarsu ta zubar min da rabin shayin.

Yau allon na lantarki ne, ba ya neman yaro.
Gashina ya zama kumfar teku.
Ɗayan ya ɓace a wata ƙaura,
sifiri guda jikana ya gara shi cikin ruwa.
Na ƙarshen yana nan a madafa,
matata na rufe tukunya da shi,
in na ce ta bi shi a hankali
sai ta ce, "Sifiri ne fa, malam."