Wasiƙar da Rana Ke Shanyewa

Litinin ce. Kasuwar Pitowa ta watse tun jiya,
saura ni da tsintsiya, da mudu a kife,
da buhun masakwa guda wanda ɓera ya huda.

Tururuwa ɗaya ta fito daga gindin katanga,
ba jagora, ba alƙibla.
Ta yi gabas, ta fasa, ta kewaye ƙwallon mangwaro
kamar baƙon da mota ta sauke da tsakar dare.
Can ta yi karo da ƙwaya.
Ƙwayar ta fi ta girma. Ta ɗauka duk da haka,
ta miƙe gida ɗoɗar.

Kafin shayina ya huce
layi ya ƙullu, baƙi, siriri, zaren tela,
daga bakin rami zuwa bakin buhuna.

Lantana jikata ta biyo da ƙosai, za ta makaranta.
Na ce, ke, wa ya yi musu shela?
Ban ji ganga ba, ban ga sanƙira ba.
Ta durƙusa har ƙasa ta taɓa mata riga,
ta ce, Kaka, dubi ƙarshen cikinta:
tana tafe tana dangwala shi ƙasa,
ɗigo, ɗigo, wani ƙamshi da hancinmu bai isa ba.
Na baya su shinshina da zare biyun nan na goshi,
su karanta, su bi.
Ta faɗi sunansa da Faransanci. Ya zame mini.

Sai ta sa yatsa ta goge tsakiyar layin.
Wayyo! Ayari ya tsinke.
Suka yi cirko-cirko, suna karo, suna tambayar juna,
kamar fatake a bakin Binuwai ranar da kwale-kwale bai zo ba,
har wata mai ƙarfin hali ta ƙetara,
ta ɗinke ɓarakar da cikinta.

Ta ce, duk wadda ta samo, sai ta ƙara tawada.
Gajeriyar hanya ta fi shan sawu,
don haka ta fi ƙamshi, don haka ta fi jama'a.
Na ce, in hatsin ya ƙare fa?
Ta ce, wadda ta dawo hannu biyu ba ta rubuta komai.
Rana ta shanye sauran. Hanya ta mutu.
Ta suri jakarta ta tafi.

Na daɗe a tsugune.

Shekara arba'in ina awo,
na san dillalan da ke dawowa ba ko ƙwaya
bakinsu cike da labarin rumbu.
Ga 'yar halitta, ba ta kai tsawon farcena ba,
ba ta taɓa aika 'yar'uwarta inda babu ba.

Sai na tuna Shekarau, mahaifina.
Wani ne ya koma garinsu da jaki shaƙe da riba,
ya ce akwai abinci a kudu da gabas, bayan duwatsu.
Suka biyo, kanwa a gaba, goro a baya,
kowa ya dawo ya ƙara wa hanyar ƙamshi,
har zango ya zama unguwa,
har aka haife ni ina jin Fulatanci a mafarki.

Yau wa ke komawa?
Wasiƙa ta ƙarshe tun ina da baƙin gemu.
Sunan garin yana bakina, hanyar ce babu.
Ba wanda ya sa yatsa ya goge ta.
Mu ne muka daina bi.

Na ɗauko allura na ɗinke buhun, don ni ma ina da rami da 'ya'ya.
Amma abin da ya zube, cikin tafi ɗaya,
na ɗaga tsintsiya na tsallake shi.
Su gama karatunsu kafin azahar ta yi zafi.