Dodon Koriya a Tsakar Gidanmu

Naira ɗari biyu Nafi'u ya ba mai tura fim
a bakin Kasuwar Rimi,
ya dawo mana da dodo a cikin waya.
Ya jingina shi da gwangwanin madara
a kan tabarma, bayan isha'i.
Mu bakwai muka yi wa gilashin zobe,
gilashin da bai kai tafin hannuna ba.

Babu fassara. Ko kalma ɗaya ba mu tsinta ba,
sai kuka,
shi kuwa kuka ba ya neman tafinta.

Wani birni, benaye kamar an jera ashana.
Ruwa ya cika ramin jirgin ƙasa,
wani abu ya ɗago kai daga ciki,
shi ba kada ba, shi ba tarwaɗa ba,
fatarsa kamar ledar da ta shekara a kwata.
Goggo Tabawa ta ce, "A'uzubillahi,
wannan ko an yanka ba ya ciwuwa."
Yara suka kwashe da dariya,
amma Barira ta matso ta damƙi gefen rigata.

Ni ba dodon nake kallo ba.
Wani mutum ne, ramamme, da takalmi wari ɗaya,
ya tsaya a matakala yana ƙirga 'ya'yansa da yatsa:
ɗaya, biyu.
Ya sake. Ɗaya, biyu.
Matarsa ta goya tsohon gidan kamar jinjiri.
Ƙanensa, da alama sun daɗe ba sa ga maciji,
ya miƙa masa tocila bai dubi idonsa ba.
Ma'aikata suka zo da takardu,
suna tambayar suna, suna buga hatimi,
ruwa kuwa ya kai musu gwiwa.
Na ce a raina: wannan ofishin na taɓa shigarsa.

Nan caji ya ƙare.

Hadari ya riga ya rufe kan Dala, ba mu lura ba.
Ƙarfe biyun dare aka kece.
Kwatar layinmu, da ledar ruwa ta shaƙe tun bara,
ta buɗe baki.
Jakara ta tuna da tsohuwar hanyarta.
Ya shigo ta zaure babu sallama,
baƙi, mai wari, mai sanyin maciji,
ya lashe buta, ya haɗiye silifas ɗin Goggo,
ya ɗora harshe a ƙafar keken ɗinkina.
Katangar Malam Tasi'u ta yi nishi sau ɗaya, ta durƙusa.

Sai ga ni a ƙofar ɗaki, yatsana a sama:
Nafi'u. Barira. Sagiru.
Na sake.
Nafi'u, Barira, Sagiru.
Kubura ta fito da Goggo a bayanta,
ta tambaye ni Uwale da ido kawai.
Wani ya bugo ƙyaure: Hamisu ne, ƙanena,
wanda rabon fili ya raba mu shekara biyu,
da bokiti a hannu, da fitila a haƙori.

A kan buhun masara muka same ta,
ta naɗe kamar mage, tana barcinta,
matacciyar wayar a ƙirjinta.
Ban yi mata faɗa ba. Ƙafafuna ne suka ƙi ni.

Da safe katifu suka hau katanga,
layi duk ya koma shanya.
Goggo, a kan turmi, ƙafa ba takalmi, ta ce,
"Nasu dodon ai da sauƙi,
yana da idon da za a tsokane."

Nafi'u ya dawo daga wurin mai caji,
yana rakuɓe-rakuɓe, yana jiran tsawa.
Na ajiye tsintsiya, na goge hannu a wando.
Na ce, kunna mana.
Ba ruwana da yadda za su kashe shi.
So nake in ga
ko mutumin nan ya ƙirga har uku.