Tana da Tafin Ƙafar Baffa

A lambun Baffa Hammayo, ƙasan madatsar Dadin Kowa,
na sara fartanya a fangalin albasa,
tana ta shige rami tun ƙarfe bai iso ba.
Ba ido, ba kunne, ba ƙashi ko na rantsuwa,
amma motsin ƙasa ya ratsa ta
daga kai har wutsiya, kafin in ɗauke numfashi.

Ranar Talata malama ta zana mana matsattsaku a allo:
igiyar jijiya kwance ta wajen ciki,
kowace gaɓa da ƙullinta,
kowane ƙulli da 'yan gadinsa.
Wannan na jiran shafa, wancan na jiran danna,
na uku ba ya tashi sai abu ya kai ga ciwo.
Na rubuta, na ja layi, ban gane ba tukuna.

Sai yau, a gindin gwanda,
na taɓa ƙahon dodon koɗi da tsinke.
Ya janye. Na jira. Ya fito.
Na sake, ya janye rabi.
A karo na bakwai ko kallo ban ishe shi ba,
ya ci gaba da lasar ganyensa.
Ba ji ne ya rasa ba,
jijiyarsa ce ta sassauta murya,
ta ce wannan baƙon ba ya kisa, bar shi ya wuce.

Baffa kuwa ba zaɓi ya yi ba.
Ciwon suga ya bi ƙafafunsa ya kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya.
Shekaranjiya ya taka ƙayar aduwa,
ya tako da ita tun daga bakin ruwa har zaure,
jinin da ya bari a daɓe ne ya ba mu labari.

Bayan isha'i na zaro tsinken tsintsiya.
Rufe ido, Baffa. Nan fa?
Shiru.
Nan fa?
Kin fara ne? in ji shi.
Na hau idon sawu, na hau ƙwauri,
sai dab da gwiwa ya ce, yawwa, ga ki nan.

Ya yi dariya: ashe tanar lambuna ta fi ni arziki.
Ban taya shi ba.
Na ajiye tsinken, na riƙe tafin da hannu biyu,
mai kaushi, mai sanyi kamar gindin randa,
na daɗe a haka,
ko da saƙon ba ya isa gida.